Irin Gero da Gatarin Aradu

Na gaji da jin labarin kuna faɗa da mutane a kan sunan nan. Kwanan baya aka ce mini ɗayanku ya fasa wa wani baki a tashar Isa, don kawai ya kira shi jikan Na-Aradu. Ni da aka laƙaba wa sunan na ɗauke shi tun ina da baƙin gashi har yau da nake tafiya da sanda, ban fasa bakin kowa ba, ko da yake ba rashin zuciya ne ya hana ni ba. Nomau uwata take kirana, amma in kun je Sabon Birni kuka ce Nomau, sai an tambaye ku wane Nomau. To, waɗanda maganar ta shafa duk sun riga mu gidan gaskiya, ni kaɗai na rage, kuma ƙafata ɗaya tana can. Ku zauna ku ji yadda aka yi, ku da 'ya'yan yayana Arzika da jikokinsa, don maganar taku ce gaba ɗaya.

Shekara ta biyu ce ta babban farin nan. A ɗan ƙauyenmu na kusa da Kurawa muke, gandu ɗaya ni da Arzika tun rasuwar mahaifinmu, tukunya ɗaya, kuma Inna, uwarmu, tana ɗakinta a tsakiyar gida. Damina ta farko gero ya kai gwiwa ya ƙone a tsaye. Kafin bazara ta zagayo an cinye dusa, an koma anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa an zubar, an jiƙa an zubar, kafin su shiga baki. Mata suna tonon gidan tururuwa suna ƙwace musu abin da suka tara. Abin da ban manta ba shi ne shiru. Gari ya daina jin daka. In aka ji taɓarya ta faɗa turmi a wani gida, kafin a jima yaran unguwa sun yi layi a ƙofa, shi ya sa mai ɗan abu ma ba ya daka.

Abu ɗaya muka hana wa cikinmu, shi ne iri. Mun zaɓi zangarniya masu kyau tun shekarar da aka samu, muka sussuke, muka gauraya da toka, muka zuba a rufewa, wato ɗan rumbun ƙasa, muka shafe bakinta da laka ni da Arzika. Rufewar tana bayan ɗakina, don haka tsaronta a wuyana yake. Manomi yana iya rasa saniya, yana iya rasa riga, ya tashi. In ya ci irinsa, ya ci shekara mai zuwa.

Da iska ta fara juyawa, muka ce bari mu duba kayanmu tun da wuri. Arzika ya fasa lakar, ya zura hannu. Na ga hannun ya tafi har kafaɗa. Abin da ya ɗebo daga gindi toka ce da ɗan gero da bai fi cikin ƙoƙo ba.

"Nomau, ina iri?"

"Ni kaka tambaya? Ai tare munka shahe ta."

"Tare munka shahe ta, amma bayan ɗakinka take kwana. Dut gari ana bizne ɗiya, naka ko atishawa ba su yi. Ashe abin da ka akwai ke nan."

Bai tsaya ya dubi nasa 'ya'yan ba, da su ma suke tsaye da ƙafafunsu. Ni ma ban duba ba. Yunwa tana rage wa mutum ido. Magana ta fita waje, ta kai gindin tsamiyar ƙofar masallaci, inda maza ke zama suna jiran abin da ba su sani ba. Wani ya ce an gan ni ina hira da fataken da ke ratsawa Nijar da raƙuma. Gaskiya ne an gan ni, taba na roƙa. Ni kuwa a lokacin zuciyata a kusa take, kamar karan dawa a bakin wuta. Na miƙe a gaban kowa na ɗaga hannu sama.

"In ni nat taɓa irin ga, ko ƙwara guda, aradu ta hwaɗa man!"

Liman ya ce subhanallahi, Musulmi da Allah yake rantsuwa. Amma ku sani, mu Gobirawan wancan lokaci muna salla, muna azumi, kuma babu wanda bai san aradu tana bin ɓarawo da mai rantsuwar ƙarya ba. Da shi muka tashi. Ana cewa in ta faɗi takan bar gatarinta a ƙasa, ɗan dutse mai santsi. Da na shiga gida na tarar da Inna a bakin ɗakinta tana jirana.

"Kai Nomau, mai da maganag ga. Tofar da miyau, don Allah."

"Ba ni tofarwa, Inna. Mai gaskiya mi zai tsoro? Kuma ina hadarin da za ya kawo aradu bana?"

Har dariya na yi. Baki shi ke yanka wuya.

Ba a yi mako biyu ba, ina gayaunata da hantsi, wato 'yar gonar da take tawa ni kaɗai, wani fako ne mai tauri da ko ƙarangiya ba ta son fitowa. Ina share ta ne don sabo, ba don ina da abin shukawa ba. Sama tas, babu ko tsumman girgije. Sai na ji ƙara daga gabas, gim, sannan rugugi ya biyo baya yana mirginowa kamar ana kaɗa ganguna da yawa a nesa. Na ɗaga kai ina neman hadari. Sai wani fito ya ratsa ta bisa kaina, abu ya daki ƙasa gabana kaɗan, har na ji a tafin ƙafata, ƙura ta tashi. Na zauna daɓas. Daga baya matata Kulu ta ba ni labarin abin da ya faru a gari, kuma shi ya fi ba ni tausayi har yau: da aka ji rugugin, mata suka fito da tukwane da ƙore suna jerawa a ƙarƙashin indararo, yara suna tsalle suna kiran ruwa. Suka yi ta kallon sama, babu komai. Sannan wani ya nuna ƙurar da ke tashi, ya ce ai gonar Nomau ce.

Kafin rana ta take gari ya taru a kaina, amma daga nesa, babu mai matsowa. Tsawa ba hadari, a gonar wanda ya kira ta da bakinsa. Ko ni ne a cikinsu abin da zan ce ke nan.

"Ta zaka, ta kuskure shi da kaɗan," in ji wani. "Gargaɗi na."

Aka kira tsohon maƙerinmu, Tunau, don a al'ada maƙera ke cire gatarin aradu, kuma sai an zuba nono a wurin ya huce tukuna. Nono a shekarar da shanu ke faɗuwa a hanya! Aka yi ta yawo har aka samo na akuya ɗan kaɗan a wurin wata Bafillatana. Ina kallo aka tsiyaye shi a ƙasa, yara suna haɗiyar miyau. Tunau ya sa aka haƙa, aka faɗaɗa ramin har ya kai gwiwa, ya ciro dutse kamar kan ɗan akuya, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, jikinsa da lotse-lotse kamar tuwon da aka danna da yatsa. Ya fi girmansa nauyi. Tunau ya juya shi, ya sake juyawa.

"Wanga ba gatari ba na," ya ce. "Na cire gatari ba ɗaya ba, ban taɓa ganin irin wanga ba."

Babu wanda ya saurare shi. An riga an yanke hukunci.

Da la'asar Inna ta aiko a kira ni. Na same ta zaune a ƙasa, ba a kan tabarma ba. Ta miƙe ta kama hannuna ta zagaya da ni bayan rufewar, wajen da ya jingina da danga, inda babu mai leƙawa. Ta durƙusa ta zare wani tsumma daga gindinta. Ga 'yar huda nan, daidai shigar yatsa.

"Ni ta, Nomau. Ni nat tsiyaye shi."

Ta ce tun sanyi take ɗiba, tafi ɗaya, tafi biyu. Ba ta daka, a dutsen niƙa take murzawa a hankali cikin ɗaki don kada a ji, ta dama kunu tsararo, ta zuba garin anza a kai don ya ɓoye ƙanshin. Sai ta kira jikokinta ɗaya bayan ɗaya, nawa da na Arzika, kamar za ta cire musu ƙaya ko ta duba musu kai.

"Ba ni iya kallon ɗiyan ga kwance awa tsumma. Bawa na Arzika har ya bar kuka, ka san in yaro ya bar kuka mi ar rage. Nac ce in ɗiba kaɗan. Kaɗan ɗin na yak kai mu nan." Ta share ido da gefen zane. "Aradun ga ni taz zaka nema. Ta biya ta wurinka don kai kak kira ta. Gobe za ni gaban Arzika da liman in hwaɗi."

Zan gaya muku gaskiya, abin da na fara ji haushi ne. Na ji kamar in yi ihu gari ya taru ya ga hudar nan. Sunana yana hannuna, buɗe baki kawai zan yi. Amma na dube ta, tsohuwa ta rame har zobenta ya koma babban yatsa, don ita ba ta taɓa kurɓar kunun ba. Na san garinmu. Namiji in an ce masa ɓarawo, zai ci gaba da zuwa kasuwa ana harararsa. Tsohuwar da aka ce ta cinye irin 'ya'yanta, kuma aradu tana nemanta, kafin wata ya mutu an ce mayya ce, duk yaron da aka binne a shekarar a ɗora mata. Arzika kuwa mutum ne da ba ya lanƙwasa, in ya juya wa uwarsa baya ya shiga uku duniya da lahira, kuma na san zai juya.

"Ba ki zuwa ko'ina, Inna. Ni nak kira ta, ni taz zaka wa. Maganag ga ta mutu nan."

"Za su ce ma ɓarawo har ka mutu."

"Su ce. Ciki ba don tuwo ɗai anka yi shi ba."

Na kwaɓa laka na toshe hudar da hannuna. Ban san nauyin abin da na ɗauka ba, da na sani ma ban ce zan fasa ba, amma da na ɗan yi jinkiri.

Washegari Arzika ya raba gandu. Bai ɗaga murya ba.

"Ka riƙe gonad da aradu tas shaida maka. Tukunya kau kowa shi ɗora tashi."

Daga ranar har ya koma ga Allah, tsakanina da shi sai gaisuwar salla. Aka ja danga a tsakiyar gidan ubanmu. Sunan Na-Aradu ya bi ni kasuwar Sabon Birni, ya bi ni Isa. In na auna wa mutum hatsi sai ya sake aunawa a gabana. Ba a ba ni ajiya, ba a kira ni shaidar aure. In hadari ya haɗo ina zaure tare da mutane, sai ka ga kowa ya tuna yana da uzuri, har wanda zai fita cikin ruwa ya jiƙe. Ni dai ban taɓa rasa wurin fakewa ba, zaure guda nake samu ni kaɗai. Dutsen kuwa na ɗauko shi na sa a cikin duwatsun da ke tallafe da sabon rumbuna. Ko a shekarun da sata ta yi yawa, ɓarawo bai taɓa kusantar rumbun nan ba. Amfanin da na ci na sunan ke nan.

Wan Kulu ya kawo mini ɗan iri daga Turba a ƙullin hula. Ruwan shekarar ya zo a wahalce, na shuka a fakon nan, ya tsiro ya bushe. Wuri ɗaya ne ya tsaya kore, cikin ramin da aka ciro dutsen. Nan ɗan ruwan yake taruwa, iska ta tara masa ganye da kashin awaki. Gindi uku ko huɗu ne, amma sun fitar da kai sun nuna. Da rani na bi fakon nan da magirbi ina haƙa ramuka irinsa, ana cewa aradu ta taɓa mini kai. Daga baya na ji mutanen Nijar sun daɗe da sanin dabarar, tassa suke ce mata. Da ita na ciyar da ku.

Abin da na kasa gyarawa shi ne Inna. Ta yi shekaru bayan haka, kuma ruwa ya dawo. Amma duk lokacin da aka yi cida, rugugin hadari ya taso, gari yana murna, ita sai ta shige ƙuryar ɗaki ta toshe kunnuwa tana istigfari. Ƙarar da kowane manomi yake roƙon Allah ya ji, ita ce ta zame mata azaba. Ba ta ƙara cin tuwon gero da daɗin rai ba. Da damina ta rasu. Ina riƙe da hannunta, ana rugugi can nesa, ta buɗe ido.

"Nomau, kana ganin an yahe man?"

Na ce an yafe, Inna, ai rai kika ceta. Ta dube ni irin kallon da uwa ke yi wa ɗanta in ta san lallashinta yake. Kuma tana da gaskiya, don ni kaina ban san me zan ce game da dutsen nan ba. Na san ban yi ƙarya ba, na san ita ta ɗiba, na kuma san abu ya faɗo daga sama ba hadari. In ba don ita ba, don wa? Da wannan tambayar na tsufa.

Da 'yan bindiga suka tashe mu muka dawo Isa, kun tuna faɗan da kuka yi mini don na bar buhun gero na ɗauko dutse a cikin bargo. Yana nan ƙarƙashin gadona har ranar da Nafisa ta zo gaishe ni, 'yar Bawa, jikar Arzika, wadda ta yi karatun duwatsu da ƙasa a jami'a. Ita kaɗai ce a gidansu ba ta jin nauyin shigowa wurina.

"Tsoho mai ran ƙarfe, an ce kana ɓoye da aradu ƙarƙashin gado. Hiddo ta in gani, in ba haka ba na fasa auren."

"Wa zai kwashe ki in na sake ki? Jawo bargon can."

Ta buɗe tana dariya, sai dariyar ta tsaya. Ta ciro ɗan maganaɗisu daga jakarta ta kai jikinsa, ya manne. Ta daɗe tana shafa baƙin ɓawon, ta ce ƙuna ce ta shigowarsa cikin iskar duniya da gudu, rugugin da muka ji kuma ƙarar tsaga iskar ce. Ta ce ba ruwansa da aradu, ba ruwansa da hadari. Ragowar kayan da Allah Ya gina duniya da sauran taurari masu kewaya rana da su ne, yana ta yawo a sarari tun kafin a yi ƙasar da muke takawa. Ta nuna mini hoton farin wata a wayarta, fuskarsa duk ramuka kamar ta wanda ya yi agana, ta ce duk saran irin waɗannan duwatsu ne. Duniya ma ta sha su, manya-manya, har akwai wanda ya shafe wasu manyan halittu ya ba wasu wuri, sai dai ita ruwa da iska suna share mata tabo. Sannan ta ce masana suna tsammanin wani kaso na ruwan duniya, da wasu daga cikin kayan haɗin da rai ya fara da su da ikon Allah, a cikin irin waɗannan duwatsu suka iso.

"Wato iri yak kawo," na ce.

"Kusan haka, Kaka. Ba su tabbatar ba tukuna."

"To gaya man. Dutsen ga, sadda yat taso, ya san da wata rufewa a bayan ɗakina?"

"Kaka, sadda yat taso ko gero ba a halitta ba."

Na juya fuskata bango. Ta ɗauka tari ne ya sarƙe ni, ta tashi neman ruwa. Ba murna na ji ba, gajiya ce ta sauko mini gaba ɗaya. Amsar da Inna ta roƙe ni a bakin mutuwa ga ta nan, ta zo a jakar yarinya, ta makara da shekara talatin da wani abu. Kuma wadda ta kawo ta 'yar yaron nan ce da ya bar kuka.

Ban gaya wa Nafisa a ranar ba, yanzu take ji tare da ku. Ban faɗi wannan don a wanke ni ba, Arzika da zan so ya ji ya riga ya tafi, kuma na yafe masa. Kada wanda ya ƙara dukan kowa a kan Na-Aradu, in an kira ku ku amsa. Dutsen na bar wa Nafisa, ta kai inda za a duba shi. Abin da nake roƙonku ɗaya ne: in kun ji cida ta farko, kuna murna, ku yi wa Inna addu'a, don ita ba ta ƙara jin daɗinta ba saboda ku. An ce an cinye irin gidanmu a shekarar fari, na yi shiru. Ba a cinye shi ba, Inna ce ta riga mu shuka. Ku dubi junanku.